Jikan Idi Ɗan Aro

Da la'asar ɗin wata Laraba cikin damina maigadi ya leƙo ya ce ga wani mushe, wato malamin makaranta, daga ƙauye yana son ganin Hajiya tsohuwa. Fadila tana durƙushe tana shafa wa kakarta mai a ƙafa. Ta ɗago ta dubi Hajiya Rabi. Tsohuwar ta motsa baki, wani sauti ya fito.

"Ta ce a shigo da shi," in ji Fadila.

Haka ake yi a gidan Alhaji Abdulmutallib da ke unguwar Zariya a Maraɗi. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Hajiya harshenta ya yi nauyi, ba mai gane maganarta sai wannan jikar tata. Ko Alhaji, ɗan da ta haifa da cikinta, sai ya juya ya ce, "Mi ta ce?" Don haka Fadila ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, ba ta leƙa kasuwa. Tun tana ƙarama aka tsayar da karatunta a lakwal ta farko, wato firamare, don ta riƙa taya Hajiya zama. Yayyenta sun yi aure, ƙannenta suna lise, wato sakandare, ita tana nan tsakanin ɗakin Hajiya da wata taga mai ƙarafa da take hango kan masu kabu-kabu suna wucewa bayan katanga.

Baƙon ya cire takalmi a bakin ƙofa ya durƙusa. Dogo ne siriri, ƙafar wandonsa duk taɓo.

"Hajiya, ina wuni? Ya ƙarfin jiki? Sunana Alkasim, ni ke koyarwa a lakwal ta Tudun Gado, can bayan Jiratawa. Alhaji zai gina muna sabbin kilas na karatu, Allah shi saka mishi, to za a rushe tsohon ɗakin. Na ce kahin a rushe shi in tattara labarinshi. An ce mini ke ce ɗiya mace ta farko da ta zauna ciki."

Idanun Hajiya suka yi haske. Ta fara magana a hankali, Fadila tana maimaitawa, idonta a kan tabarma. Ta ce da farko rumfar zana ce, daga baya aka yi ta laka. Mushensu mutumin Dahome ne, ba ya jin Hausa ko kaɗan. A kan rairayi suke zama, da yatsa suke rubutu, wani tsohon ƙarfen mota ake bugawa in lokacin shiga ya yi.

Sai Hajiya ta ƙura wa baƙon ido ta ƙara wata magana. Fadila ta ƙi fassarawa.

"Mi ta ce?" in ji Alkasim.

"Ba ta ce komai ba."

Hajiya ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ɗaka mata duka a cinya. Fadila ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Wai ta ce ka yi aure? In ba ka yi ba ita tana ciki."

Alkasim ya yi dariya har da dafa ƙasa. "Ki gaya ma amaryata ban yi ba. Ita nike jira."

A lokacin Fadila ta saci kallonsa, sai ta tarar shi ma ita yake kallo. Da zai tafi ya karɓi lambar salularta, wai ko Hajiya za ta tuna wani abu.

Washegari saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum. Ya jikin amaryata? Ki gaya mata na samu ƙarfen da ake bugawa, yana nan rataye ga gawo. Ga hotonshi."

Fadila ta daɗe tana gyara haruffa kafin ta tura amsa. "Ta gani. Ta ce ba shi ba ne, nasu ya hi wanga girma."

"To ke mi kika ce?"

"Ni ban ce komai ba."

"Kullum ba ki cewa komai, Tafintata. Allah ya ba ki murya mai daɗi, maganar wani kawai kike ɗauka da ita."

Ta kifa salular a kan tabarma. Ba wanda ya taɓa lura tana da murya.

Ya ci gaba da zuwa kowace Laraba. Hajiya ba ta iya doguwar hira, in ta gaji sai ta lumshe ido, su kuma su zauna shiru, ƙofa a buɗe, kowa yana kallon wani wuri. Abin da suka kasa faɗa a ɗakin sai ya biyo ta salula. Yana turo mata hoton gero ya kai ƙugu, hoton hadari a kan Tudun, hoton akuya ta shiga kilas ta hau teburinsa.

"Wannan ita ce ɗalibata da ta hi kowa zuwa."

"Mushe, kai dai ba ka rabo da wasa."

"Ga wanda ba wasa ba. Fadila, ina sonki. In kin yarda in turo baffannina."

Sai da ta yi sallar azahar ta idar sannan ta rubuta, "Na yarda, Mushena. Amma ina tsoro. Wa zai ji maganar Hajiya in na tahi?"

Wannan tambayar ba ita kaɗai take damu ba. Duk gidan sun daɗe da sa rai Nasser, ɗan ƙanwar Alhaji mai kula da motocin kaya, shi zai aure ta. Sashensa yana cikin gidan, kenan amarya za ta tsallaka tsakar gida kawai, Hajiya ba ta rasa tafinta ba. Ba wanda ya tilasta mata. Sai dai kowa ya riƙa faɗin abin kamar an gama.

Baffannin Alkasim suka zo daga Tsibiri. Alhaji ya karɓe su da mutunci, ya ce su ba shi lokaci ya yi bincike kamar yadda aka saba. Wanda ya aika Tsibiri binciken asali kuwa Nasser ne.

Ran da Nasser ya dawo, Fadila tana bayan labule da tiren shayi a hannu, tana jin yana ba Alhaji labari.

"Kawu, ubanshi Bilal kowa ya san shi, mutumin kirki ne. Kakanshi Mushe Idirisa ma an san shi, amma da tsufanshi ya zo Tsibiri, bayan ya gama aikin gwamnati can gabas. Uban Idirisa ne ba wanda ya sani. Kuma ka san sunan da yake amsawa? Idirisa Gado. Wai ɗan Gado na Tudun."

"Gado kakana?" Muryar Alhaji ta canja. "Na san matan Gado, na san ɗiyanshi ɗaya bayan ɗaya. Babu Idirisa. Ko dai ƙarya suka ɗaura ma gidanmu, ko kuwa ɗa ne da aka samu a waje. Ko wanne ne, ba ni ba da ɗiyata ga wanda bai san uban kakanshi ba."

Da Nasser ya fito ya gan ta tsaye, sai ya rage murya.

"Ƙanwata, ki yi haƙuri. Ba ke ya zo nema ba. Suna ya zo nema, da rabon gonakin Tudun. Ke ce ƙofar da ya samu buɗe."

Ta ɗauki salula ta rubuta wa Alkasim, "Ka san sunan da kakanka ke amsawa tun ran da ka shigo gidanmu?"

"Na sani."

"Mi ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Tafintata, ki saurare ni. Kakana ya rasu bai gaya ma kowa wane ne ubanshi ba, in an tambaye shi sai ya tashi ya bar wurin. Don haka na roƙi a turo ni Tudun Gado. Tsofaffin garin suna ba ni labarin lakwal har da dariya, amma da na ce Idirisa sai kowa ya tuna yana da aiki gona. Ran da na zo gidanku tambayar tana bakina. Na gan ki, sai na ji tsoron amsar. Ba ni son gonar kowa. Wallahi ke nike so."

Ta ajiye salular. Da yamma Alhaji ya kira ta ya ce ta share lambar a gabansa, ta share. Aka gaya wa maigadi mushen ƙauye kar ya sake wuce ƙofa.

Kwanaki suka yi ta wucewa iri ɗaya. Ta dama wa Hajiya fura, ta yi mata wanka, ta juya ta, ta shafa mai. Laraba ta zo ta wuce. Lambar tana nan a kanta, ta haddace, amma ba ta san me za ta rubuta ba, ba ta ma san ko ta yarda da shi ba. In ta tsaya a taga sai ta ga katangar kamar an ƙara mata tsawo. Mama, mahaifiyarta, ta fara kawo mata samfurin atamfa tana cewa Nasser ne ya zo da su daga Kwatano, ta zaɓa. Ta zaɓi wadda ke sama don a bar ta ta huta.

Wata safiya tana shafa man sai hawaye ya ɗiga a ƙafar Hajiya. Tsohuwar ta kama mata haɓa ta tambaya ina angonta ya shiga. Fadila ta faɗa mata duka.

Da ta ambaci Idirisa Gado, Hajiya ta zabura har ta kusa zamewa daga katifa. Ta yi ta magana, tana haki, tana nuna gabas. Fadila ta sa kunne sosai, ta sa ta maimaita. Sannan ta tashi da gudu, ko mayafi babu, ta shiga falon mahaifinta.

"Baba, Hajiya ta san shi! Ta ce Idirisa ba ɗan Gado ba ne, aro shi aka yi. Ta ce lokacin da Nasara, Baturen mulki, ya ce kowane maigida ya ba da ɗa guda a sa lakwal..."

"Fadila." Alhaji ya ajiye carbinsa. "Zo mu je."

Ya tsaya a kan mahaifiyarsa ya saurara. Hajiya ta yi ta ƙoƙari, jijiyar wuyanta ta tashi, amma shi sauti kawai yake ji. Ya juyo ya dubi 'yarsa, ba da faɗa ba, da tausayi, wanda ya fi faɗan ciwo.

"Ke kaɗai ke jin maganarta. Ke kuma ke son yaron. In kin ce ta ce rana daga yamma take hitowa, wa zai ƙaryata ki?"

"Baba, wallahi..."

"Kar ki rantse. Duk abin da kika ce kai take ɗagawa. Kar ki sake sa ma uwata magana a baki."

Ya fita. Fadila ta zauna a ƙasa. Gaskiyar tana cikin ɗakin, a bakin mutum biyu, kuma ba ta da hanyar fita.

Daga ranar Hajiya ta juya fuska ga bango. An kawo fura ta ture, an kawo kunu ta datse baki. In Alhaji ya shigo sai ta fitar da kalma ɗaya tak, da ƙarfi, wadda ko shi ya gane.

"Tudun."

Likita ya zo ya duba ta ya ce ba jikin ba ne, ran ne, a yi mata abin da take so. Dama ranar Asabar Alhaji zai je ya ga magina sun fara rushe tsohon ɗakin. Ya ce a sa Hajiya a mota. Dole aka tafi da Fadila, don ba mai ji in tsohuwar ta nemi ruwa.

Fadila ta manne fuska da gilashi tun daga ƙofar gida. Suka wuce lambunan zogale na Jiratawa, mata suna tsinka suna cika buhuna, suka sauka daga kwalta suka bi tsakanin gero da ya fi motar tsawo. Ta manta rabon da ta ga sama ba katanga a gefenta.

A Tudun Gado mutane sun taru. Magina suna tsaye da diga. Can nesa ƙarƙashin gawo ta hango Alkasim, ya rame, bai matso ba.

Hajiya ta nuna tsohon ɗakin. Aka ɗauke ta da kujerarta aka shigar. Ɗaki ne na laka mai warin jemage, rufin ya lotsa, allon siminti ya tsattsage. Wani tsoho mai sanda, Malam Muhammad Auwal, ya biyo su yana dariya ba haƙori.

"Rabi! Ke ce? Rabi mai kuka in an buga ƙarhe?"

Hajiya ba ta kula shi ba. Wani lungu take kallo kusa da taga. Ta fara jijjiga kai, tana wani gunji a maƙogwaro. Fadila ta sunkuya don ta ji, sai ta ja da baya. Waƙa ce. Kuma kalmomin suna fitowa sarai, ɗaya bayan ɗaya, kamar harshen bai taɓa ciwo ba.

"Idi ɗan aro, ɗan Sha'ibu,
Gado ya kai ka gun Nasara,
Razaƙu na cikin rumbu,
Yana ta gaigayar gero."

Malam Muhammad Auwal ya saki sandarsa ya fara tafi, ya kama waƙar. Wata tsohuwa a bakin ƙofa ita ma ta kama. Suka maimaita, su uku, kamar yara.

Alhaji ya dafa bango. Shekaru rabonsa da jin magana cikakkiya daga bakin mahaifiyarsa, kuma Razaƙu da ta ambata Abdulrazak ne, mahaifinsa.

"Malam, wace waƙa ce wannan?"

"Da ita muke tsokanar Idi har ya yi kuka, can lungun yake zama." Tsohon ya share ido. "Alhaji, da aka buɗe lakwal kowa tsoronta yake, an ce Nasara zai kwashe ɗiya ya maishe su kahirai. Kumandan, Baturen mulki, ya ce maigari shi zai fara ba da nashi. Gado, da yake shi ne maigari, ya ɓoye ubanka cikin rumbu. Akwai amininshi Sha'ibu, mutumin Tsibiri, ya zo noma nan da matarshi Ramatu, auren sunna, kowa ya sani. Gado ya ce ya ara mishi ɗa. Aka rubuta Idi ɗan Gado. Ba a jima ba Sha'ibu ya rasu, kabarinshi na bayan gawon can. Idi ya ci jarrabawa aka wuce da shi Maraɗi, daga nan Damagaram, bai sake waiwayo mu ba. Sunan ya bi shi."

"Mi ya hana ku gaya ma jikanshi?"

"Haba Alhaji. Kai ke gina muna kilas. Wa zai buɗe baki ya ce an ɓoye ubanka cikin rumbu? Yanzu da matarshi ta rera da kanta, ai mun huta."

Wani ya yi dariya a waje ya yi saurin toshe baki. Alhaji ya sunkuyar da kai. Sannan ya dubi Fadila.

"Ashe gaskiya kika gaya mini."

Ta cusa mayafi a baki.

Ya fita har ƙarƙashin gawon da ƙafarsa. Alkasim ya durƙusa, hawaye yana bin fuskarsa, don ya matso taga ya ji komai kafin ya koma can.

"Tashi, Mushe. Kakanka ya sha bulalar da ubana ya kamata ya sha. Ya rasa sunan ubanshi don namu ya zauna gida ya koyi fatauci. Ni kuma na ce ba ka da asali." Ya yi gyaran murya. "Ka nuna ma baffanninka kabarin can. In sun gama addu'a su biyo ta Maraɗi."

Ya juya ga magina ya ce su bar wannan ɗakin, su ja igiyarsu daga gabas.

Da za a koma, Hajiya ta riƙe hannun kujera ta ƙi saki. Harshen ya koma yadda yake, amma ta nuna ƙasa, ta nuna ƙirjinta. Fadila ta buɗe baki za ta fassara, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Bari. Wanga kam na ji. Ta ce nan za ta zauna."

Da ƙyar aka lallashe ta da alkawarin za a gyara mata tsohon gidansu kafin kaka. A cikin mota Fadila ta fito da salula ta danna lambar da ke kanta.

"Mushena, ka yahe mini. Na yi zargin ka."

"Tafintata, yau na samu kaka na samu mata. Mi ya rage in yi fushi a kai? Ki gaya ma amaryata ita ce ta ɗaya a kilas."

Bayan an yanke gero aka ɗaura auren a ƙofar gidan Alhaji. Nasser ya sha kunya, amma shi ya tsaya kan rabon goro, shi kuma ya ja motar amarya. Da liman ya shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya har cikin gida ana ji.

"An ɗaura auren Fadila ɗiyar Alhaji Abdulmutallib, da Alkasim ɗan Bilal, ɗan Idirisa, ɗan Sha'ibu na Tsibiri!"

Baffan Alkasim babba ya rufe fuska da hannun riga. Bai taɓa jin an kira kakansa ba sai ranar.

Motoci biyu suka shiga Tudun Gado da yamma, ɗaya da amarya, ɗaya da Hajiya Rabi da buhunan kayanta. Matan garin suka yi ta guɗa suna tambaya wace ce amaryar a ciki. Yanzu Hajiya tana da tsofaffin ƙawaye da suke wuni a wurinta, rabi su gane, rabi su ƙirƙira, in sun yi kuskure ta kai musu duka.

Gidan mushe dangar kara gare shi, iyakar ƙirji. Da safe Fadila ta fito ta tsaya a tsakar gida tana kallon gonaki har inda ido ya ƙare. Alkasim ya fito da littattafansa a hammata.

"Mi kike kallo, amarya?"

"Ba komai. Ina son in je rijiya."

"Ga ruwa cike da randa."

"Na sani. Zuwan nike so."

Ya yi murmushi, ya ɗauko guga ya miƙa mata, ya ɗage ƙyauren kara ya riƙe har ta wuce.

"Ki biyo ta lakwal in kin dawo. Ina da benci guda ba kowa, in kina son ki ɗora daga inda kika tsaya."

Ta rufe fuska tana dariya, ta kama hanya ita kaɗai, yara suna rugawa ta gefenta saboda an buga ƙarfe.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, wadda za ta san sunan kakanninta. Allah ya jiƙan Sha'ibu da Idi, ya ƙara wa Hajiya Rabi sauƙi. Amin.